Ƙa'idojin Benis da Ginin Ƙasa: Ɗan Sharhi

A shekarar 1964 masanan gine-gine suka taru a birnin Benis na ƙasar Italiya, suka tsara wata takarda mai sharuɗɗa 16 bisa yadda za a kiyaye tsofaffin gine-gine. Har wa yau duk saurayin da ya ɗauki wannan aiki sana'a, da ita ake fara masa karatu. Nufinmu a nan mu auna ta da irin ginin da muka gada.

Da fari dai, lalle ta cancanci yabo. Ta umarci mai gyara ya girmama kayan asali, ya tsaya a inda iliminsa ya tsaya, kada ya cike giɓi da zato. Ta kuma ce abin da aka ƙara sabo ya kasance ana iya bambanta shi da tsohon, domin kada a ruɗi na baya. Ga ginin dutse, wannan magana ba ta da makusa.

Amma fa yawancin waɗanda suka tsara ta mutanen Turai ne, dutse ne a gabansu. Ginin ƙasa kuwa ransa yaɓe. A dubi babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka gina a 1907. Kowace shekara mutanen gari sukan fito su sake yaɓe shi. To, ina tsohon, ina sabon? Yaɓen bana ya hau na bara, damina ta ci rabonta. Abin da ya daɗe a wurin shi ne gwanintar magina, wadda ɗa ke karɓa daga hannun uba.

Nan ne takardar ta gaza, gama ta kula da bango ƙwarai, ba ta ba mai ɗora tubali matsayinsa ba. Sai a 1994, a taron Nara na ƙasar Japan, aka yarda cewa kowace al'umma da ma'auninta na asali. Amfanin wannan gyara ya bayyana a Tambutu: hubbarorin waliyyai da aka rushe a 2012, maginan garin ne suka tashe su a 2015, da hikimar kakanninsu.

Mu ma muna da abin lura a gida. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a zamanin Sarki Abdulkarim, an lulluɓe abin da ya saura na bakan gizonsa da sabon ginin siminti. An tsirar da wani sashe, amma wa zai iya ɗaura irinsa yau?

Saboda haka shawararmu ga malaman kwalejoji ita ce, a koyar da ƙa'idojin Benis, amma a riƙa aika ɗalibi wurin Sarkin Magina ya ga yadda ake kwaɓa ƙasa, da jera azara, da shafa makuba. Wanda bai san wannan ba, ko da takardar shaida a hannunsa, bai isa a damƙa masa soron kakanninmu ba.