Tsakure da Asalinsa a Kiɗan Daft Punk: Nazari a kan Faifan Discovery

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wata al'ada da ta zama ginshiƙi a kiɗan rawa na zamani wanda a ke haɗawa da na'ura, watau al'adar tsakure. Abin da mu ke nufi da tsakure shi ne a yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifai, wanda sau da yawa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, a zuba shi cikin na'ura, a yi ta maimaita shi ko a sarrafa shi har ya zama tubalin sabuwar waƙa. Za mu ɗauki misalanmu daga Daft Punk, ƙungiyar mutum biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, wadda aka kafa a birnin Faris cikin 1993, ta kuma watse a watan Fabrairun 2021. Faifansu na biyu, Discovery, na 2001, shi za mu fi mai da hankali a kai.

Aro ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin Hausa, domin mun san tahmisi, inda sha'iri kan ɗora ɗango uku nasa a kan ɗango biyu na wani. Sai dai mai tahmisi kalmomi ya ke ara, kuma mai asali ba ya ɓacewa. Shi kuwa mai tsakure sautin kansa ya ke ɗaukowa, da numfashin mai busa, da nauyin hannun makaɗi, har da amon ɗakin da aka naɗi faifan. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanmu: me aka yi da abin da aka ara, kuma ina mai shi ya shiga?

2.0 Inda aka samo tubalan

A takardar da ke cikin faifan Discovery an ambaci tsakure huɗu da aka yi amfani da su bisa izini. "Digital Love" ta ɗebo daga "I Love You More" ta George Duke. "Harder, Better, Faster, Stronger" daga "Cola Bottle Baby" ta Edwin Birdsong. "Superheroes" daga "Who's Been Sleeping in My Bed" ta Barry Manilow. Sa'an nan "Crescendolls" daga "Can You Imagine" ta ƙungiyar The Imperials. Abin lura shi ne ukun farko duk a 1979 suka fito, lokacin da Bangalter ke da shekara 4, abokinsa kuma 5. Wannan ba dace ba ne, don su da kansu sun bayyana cewa faifan waiwaye ne ga kiɗan da suka ji a ƙuruciyarsu, tsakanin 1975 da 1985. Daɗin daɗawa, mahaifin Bangalter, wanda aka sani da suna Daniel Vangarde, mai shirya faifan disko ne a Faransa, ke nan yaron a cikin sana'ar ya buɗe ido.

Ba daraja ɗaya waɗannan are-are su ke da ita ba. A "Digital Love" mabuɗin waƙar Duke aka ɗauka. Shi Duke zaure ya ɗauke shi, ya ratsa ya shige cikin gida, su kuwa suka shimfiɗa tabarma a zauren, suka gina waƙa guda a kansa. Gane cewa waɗannan 'yan daƙiƙoƙi za su iya ɗaukar nauyin waƙa sukutum aikin kunne ne, kuma fasaha ce da ya kamata a yaba. A "Harder, Better, Faster, Stronger" an ɗauko kiɗan Birdsong kusan yadda ya ke, wanda duk ya saurari faifan biyu a jere ba ya bukatar a nuna masa. Abin da Daft Punk suka ƙara shi ne murya, wadda aka bi da ita ta na'ura, aka datsa 'yan kalmominta, aka yi ta jujjuya su har muryar ta rikiɗe ta koma kamar kukan gita. Rabin waƙar na Birdsong ne, rabi nasu, kuma an rubuta sunansa cikin mawallafanta.

Inda aron ya yi rauni, a ganina, shi ne "Robot Rock" ta faifan Human After All na 2005. An ɗauko zuciyar "Release the Beast" ta ƙungiyar Breakwater, ta 1980, aka yi ta nanata ta ba tare da an kai ta ko'ina ba. Ƙarfin da mai rawa ke ji a waƙar na Breakwater ne, ko da ya ke a nan ma an sa sunan Kae Williams na ƙungiyar.

3.0 Matsalar "One More Time"

Wannan waƙa, wadda ta fito a ƙarshen 2000 da muryar Romanthony, ita ce ta fi nuna gwanintarsu. Busar ƙahonnin da ke ɗauke da ita daga "More Spell on You" ta Eddie Johns aka samo ta, ita ma ta 1979. Amma ba a ɗauko busar a dunƙule ba. Yayyanka ta aka yi gunduwa-gunduwa, aka sauya kaifin sautinta, aka sake jera guntayen bisa wani tsari da babu shi a tsohon faifan, har aka sami sabon kari. Wanda ya san waƙar Johns zai iya jin ta Daft Punk bai farga ba. Idan da ma'aunin fasaha kaɗai za mu auna, to nan ne tsakure ya kai matsayin ƙirƙira.

To, amma sunan Johns ba ya cikin huɗun nan da aka ambata a takardar faifan. Mutumin haifaffen Laberiya ne, a Faransa ya naɗi faifansa. Cikin 2021 jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin cewa ya yi fama da shanyewar jiki da rashin matsuguni a Kalifoniya, kuma ya ce bai taɓa karɓar ko kwabo daga waƙar ba. Wakilan Daft Punk sun amsa cewa an nemi izini, kuma ana biyan kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar faifan a Faransa. Maganganun biyu ba su karo da juna, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Tun hukuncin da wata kotun tarayya a New York ta yanke a 1991, a ƙarar da aka kai Biz Markie saboda tsakuro waƙar Gilbert O'Sullivan, ya zama tilas ga manyan kamfanoni su nemi izini kafin su fitar da faifai mai tsakure. Sai dai izinin wurin mai takardar mallaka a ke nemansa, wanda galibi kamfani ne, ba lallai mawaƙin ba. Mu kwatanta da Birdsong. Da ya ke sunansa na cikin mawallafa, lokacin da Kanye West ya tsakuro waƙar Daft Punk ya yi "Stronger" a 2007, har ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, sai sunan Birdsong ya bi ta can. Ke nan aron da aka yi a fili ya tafi da sunan mai shi har hawa biyu, wanda kuwa aka fi sarrafawa da gwaninta shi ya fi nesanta mai shi daga kunnen jama'a. Manazarcin da ya tsaya ga yabon gwanintar kaɗai, yana taya ɓoyewar ne ko bai yi niyya ba.

Har ila yau akwai wani hanzari. Abin da aka yanko daga faifan Johns busa ce, ba muryarsa ba. Masu busa da makaɗan da a ke haya a ɗakin naɗi, bisa al'adar sana'ar, ladan aikin ranar a ke biyansu su kama gabansu. Don haka ko da an sa sunan Johns, da sauran waɗanda numfashinsu ke cikin waƙar ba a ambace su ba.

A faifansu na ƙarshe, Random Access Memories, na 2013, Daft Punk sun kusa barin tsakure baki ɗaya. Maimakon yanko kiɗan shekarun 1970 sai suka gayyato mutanen zamanin da kansu, irin su Nile Rodgers da Giorgio Moroder, suka ɗauki makaɗa aka naɗi sabon kiɗa, aka jera sunan kowa a takarda. Waƙar rufewa, "Contact", ita ce ta riƙe tsohuwar hanya, da tsakure daga ƙungiyar The Sherbs ta Ostireliya da muryar ɗan sama-jannati Eugene Cernan daga tafiyar Apollo 17 ta 1972. Faifan ya ci lambar Grammy ta faifan shekara a 2014, amma dai ga kunnena babu waƙa a cikinsa da ta kai ƙirƙirar da aka yi da guntayen busar faifan Eddie Johns.