Gambarar Zamani da Matsalar Ubangida: Nazari a kan Waƙar "Girgiza Kai"

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba matsayin mawaƙan hip-hop na Hausa, watau waɗanda ake kira 'yan gambarar zamani, musamman waɗanda suka ɗauki siyasa da gyaran zaman jama'a a matsayin jigonsu. Za a ɗauki waƙa guda, "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa na Kano, wanda aka fi sani da Ziriums, a jera ta da ayyukan mawaƙa biyu na kudancin Katsina, watau yankin Bakori da Funtuwa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, kaifin waƙar siyasa ya danganta da wanda yake ciyar da mawaƙin, kuma a nan ne ƙarfin gambarar zamani da rauninta suka taru.

2.0 Asalin Wannan Kiɗa

An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka wajen 1973, a tsakanin samarin baƙar fata marasa galihu. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da waƙar "The Message", wadda ta bayyana ƙuncin zaman talaka a birni, sa'an nan ƙungiyar Public Enemy ta ƙara wa wannan hanya zafi a ƙarshen shekarun 1980. A Nijeriya kuwa, Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya yi "Jaga Jaga" a 2004, waƙar da ta fusata gwamnatin Obasanjo.

Da wannan kiɗa ya iso ƙasar Hausa bai tarar da fili fayau ba. Tun da daɗewa akwai 'yan gambara masu bin kasuwanni suna jero magana da sauri, da amsa-amo, da zambo da ba'a. Har wa yau akwai waƙoƙin siyasa na zamanin NEPU da NPC, irin na su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. Saboda haka laƙabin gambarar zamani ya dace: kayan kiɗan baƙi ne, amma sarrafa harshen ɗan gida ne.

3.0 Mawaƙi da Ubangidansa

Masana sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida: na fada, na sana'a, na jama'a. Idan aka lura, tushen wannan rabo shi ne ubangida, watau wanda ake yi wa waƙa, yake kuma biyan bukatar mawaƙi.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zauna a Bakori yana saurayi, lokacin da auduga da gyaɗa suke tara kuɗi da mutane a garin, kafin ya koma Funtuwa. Shata bai jingina da fada guda ba. Iyayen gidansa sun haɗa da sarakuna da attajirai da direbobi da ma'aikata, kuma wannan yawa shi ya ba shi 'yanci. In wani ya juya masa baya, akwai wani. Shi ya sa ya iya riƙe yabo a hannun dama, zambo a hannun hagu, kamar yadda aka gani a "Gagarabadau", har ya rasu a 1999 ana shakkar bakinsa.

Dauda Kahutu Rarara, mutumin Kahutu ta ƙaramar hukumar Danja, maƙwabciyar Bakori, ya wakilci wani mataki dabam. Ubangidansa jam'iyya ce da ɗan takararta. Waƙarsa "Masu Gudu Su Gudu" ta lokacin zaɓen Buhari a 2015 ta ratsa birni da ƙauye, kuma ba mai musun gwanintarsa wajen zambo da daɗin amshi. Sai dai zambon irin wannan waƙa kullum abokin hamayya yake fuskanta. Ba ya waiwayar gidan da ya ɗauki nauyinsa sai an ɓata.

Ɗan gambarar zamani shi ne na uku. Ba shi da fada, ba shi da jam'iyya. Abin da yake bukata shi ne ɗakin ɗaukar murya da kwamfuta, sa'an nan samari su riƙa tura wa juna waƙar a wayar hannu.

4.0 Jigo da Salon "Girgiza Kai"

Ba za a fahimci wannan waƙa ba sai an san zamaninta. A 2007, a mulkin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Aka dakatar da shirya finafinai na wasu watanni, aka tsaurara dokoki a kan rawa da waƙa, aka ɗaure Adam A. Zango a wannan shekara saboda faifansa na "Bahaushiya". A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Girgiza Kai" da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala, wanda shi ma aka kama shi a shekarar.

Jigon waƙar ƙorafi ne a kan wannan takura, amma an naɗe shi cikin rigar biyayya. Mawaƙin ya fito kamar sanƙira mai isar da umurnin hukuma: tun da an hana rawa, duk wanda kiɗa ya ratsa sai ya tsaya a kan motsa kai. A nan ne gwanintar take, domin girgiza kai abu biyu ne a wurin Bahaushe. Mai jin daɗin kiɗa yana girgiza kai, haka nan mai takaici da mai cewa bai yarda ba. Ke nan duk wanda ya bi umurnin waƙar ya bi doka, kuma ya nuna ƙin dokar, a motsi guda. Wannan shi ne habaici a cikakkiyar siffarsa: mai shi ya gane, amma ba shi da inda zai kama.

Ta fuskar zubi, amshin gajere ne, mai sauƙin kamawa, ɗiyan kuma suna tafe da sauri irin na 'yan gambara. Babu sunan wanda ake roƙo, babu kirarin mai kyauta. Wannan rashin roƙo shi ne babban abin da ya raba ta da waƙar fada da ta jam'iyya. Amma 'yancin yana da tsada. Mawaƙin da ba shi da ubangida ba shi da mai tsaya masa ran da hukuma ta waiwayo shi. Ziriums ya fitar da faifansa "This Is Me" ta intanet a 2010, kuma ya koma Amurka da zama.

5.0 Inda Aka Gaza

Duk da wannan yabo, tilas a faɗi cewa kukan "Girgiza Kai" kukan mawaƙa ne a kan sana'arsu. Haƙƙi ne, amma ƙunci ne na 'yan birni. Manomin masara da auduga na Bakori ko Malumfashi yana da nasa kuka: tsadar taki, faɗuwar farashi da kaka, da 'yan bindiga da suka hana noma a sassan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, har suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Waƙoƙin gambarar zamani da suka yi suna ba su mai da wannan manomi jigonsu ba. Ga kuma yawan cusa Turanci, wanda ke sa dattijon ƙauye ya ji waƙar ba da shi take ba.

Idan aka dubi maƙwabta za a ga abin da zai yiwu. A Senegal mawaƙan ƙungiyar Keur Gui na cikin waɗanda suka kafa Y'en a Marre a 2011, suka bi unguwanni suna sa matasa su yi rajistar zaɓe, kuma Abdoulaye Wade ya faɗi a 2012. A Burkina Faso, Smockey na cikin jagororin Balai Citoyen da suka taimaka wajen kawar da Blaise Compaoré a 2014. Waɗannan sun yi tasiri ne domin sun mai da jama'a ubangidansu, suka yi magana da harshenta a kan abin da ya dame ta.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa gambarar zamani ta gaji zambo da habaici daga gida, kuma rashin ubangida ya ba ta damar fuskantar mai mulki, abin da waƙar jam'iyya ba ta iyawa. An kuma nuna cewa jigonta bai fita daga ganuwar birni ba sosai. Shata ya sami 'yanci ne saboda kowane rukuni na jama'a ya ji kansa a bakinsa. Shawarar wannan takarda ita ce, sassan koyar da Hausa su tattara waɗannan waƙoƙi a rubuce tun ba su salwanta ba, a nazarce su da ma'aunin jigo da salo kamar sauran waƙoƙin baka, mawaƙan kuma su kai kunnensu kasuwannin ƙauye.