Jerin Kwano da Jiran Shayi: Girkin Alfarma na Faransa da Japan a Idon Agadas

A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta yi abubuwa biyu da ba kasafai ake ambatonsu tare ba. A watan Yuni ta sa tsohon garin Agadas, da fadar Sarkin Abzin da masallacin nan mai hasumiyar laka ta mita 27, cikin kayan gadon duniya. A watan Disamba kuma ta karɓi girkin gargajiyar Japan, wanda suke kira washoku, cikin al'adun da ya kamata a adana. Tun 2010 ta riga ta yi wa cin abincin Faransawa irin wannan karramawa. Ke nan su an yaba musu yadda suke ci, mu an yaba mana yadda muke gini. Ginin ya cancanci yabo. Sai dai duk wanda ya taɓa sauka baƙo a cikin waɗannan gidajen ƙasa ya san abin da ake yi a kan tabarma bai gaza abin da ke jikin bango ba.

Girkin alfarma na Faransa a gidajen sarauta ya tashi. A 1651 wani kuku mai suna La Varenne ya fitar da littafi wanda ya rage yawan kayan yajin gabas, ya jingina ga man shanu da ganyayen gida da romon nama. Bayan juyin juya halin 1789, da manyan gidaje suka watse, da yawa cikin masu dafa musu abinci suka koma gidajen sayar da abinci na birnin Paris, abin da a dā sai ɗan sarki ya zama na duk mai iya biya. A lokacin ana jibge kwanuka ne gaba ɗaya a kan tebur, ido ya ƙoshi kafin ciki, rabin abincin kuma ya huce. Cikin ƙarni na 19 aka koma wa salon da aka aro daga Rasha, wato kwano ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zafinsa. A ganina wannan canjin shi ne tushen komai. Da zarar an ce abinci zai zo bi da bi, dole mai girki ya yi tunanin wanne zai fara, wanne zai share wa na bayansa hanya. Daga nan jerin ya zauna: ɗan abin buɗe baki, sai kifi ko nama da ganye, sai cuku, sai kayan zaƙi, kowanne da giyar inabin da suke ganin ta dace da shi.

Auguste Escoffier ne ya ɗaure wannan tsari da igiya. Ya raba aikin madafa, mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi daban, duk ƙarƙashin shugaba guda, ya kuma rubuta komai a littafinsa na 1903 da har yau ake karantarwa da shi. Sannan kamfanin tayar mota na Michelin, wanda ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, ya soma ba gidajen abinci tauraro a 1926, ya kai su uku a 1931. Abin ya ɗaukaka sana'a, mai girki ya yi suna, almajirinsa ya san wurin wa ya koya. Amma an biya farashi. Mai masauki ya zama mai ciniki, baƙo kuma ya zama wanda ake duba ko ya san cokalin da ake fara ɗauka.

Japan ta bi wata hanya. Tun shekarar 675 wani sarkinsu ya hana cin naman wasu dabbobi, ƙyamar nama kuma ta daɗe har zuwa 1872, lokacin da Sarki Meiji ya ci naman shanu. Saboda haka girkinsu ya ginu a kan shinkafa da kifi da waken soya da ganye, da wani romo mai haske da ake haɗawa da ciyawar teku da busasshen kifi. Mafi daraja cikin girkin, wanda ake kira kaiseki, daga zaman shayi ya samo asali. Sen no Rikyu, malamin shayin da ya rasu a 1591, ya rage ɗakin shayi har ya koma faɗin tabarma biyu, ƙofarsa ƙarama ƙwarai, sai mutum ya ajiye takobinsa a waje ya durƙusa kafin ya shiga, komai sarautarsa. Abincin da ake ci kafin shayin kaɗan ne: shinkafa, romo ɗaya, da mahaɗi uku. Ana zaɓen kifi da ganye gwargwadon abin da lokacin shekara ya kawo, har kwanon da za a zuba ma ana sauya shi da sauyin yanayi. Cikakken zama yakan ci awa huɗu. Mai gida shi ke kai da kawo da kansa, kuma yawanci ba ya zama ya ci tare da baƙinsa.

Duk ɗan Agadas da ya ji wannan bayani zai ce ai ya san wurin. Faransa ce ta mallake mu tun farkon ƙarni na 20, harshenta muke karatu da shi, amma a wajen karɓar baƙo mun fi kusa da Kyoto ta Japan da ba mu taɓa gani ba.

A dubi zaman shayi. Mai dafawa ya tanƙwashe ƙafa gaban ɗan murhun waya, ya fifita gawayi har ya yi ja, ya ɗora ƙaramar buta da koren ganyen ƙasar Sin. Ba ya gaggawa, ba a kuma sa shi gaggawa. In ya tafasa ya zuba sukari, ya ɗaga buta sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta hau kowane kofi. Ya kurɓi kaɗan ya ji, in bai yi ba ya mayar kan wuta. Na farko yana da ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ya rinjaya, duka daga ganye ɗaya. Babba ake fara miƙa wa. Buzu mai rawani yakan shigar da kofin ta ƙarƙashin amawali ya sha ba tare da an ga bakinsa ba. Wanda ya tashi kafin na uku ba da wani uzuri ba, an san ya yi rashin kyautawa. Ga jeri, ga auna lokaci, ga hannun gwani da ake ganewa tun daga kumfa. Abin da Faransawa suka cim ma da kwanuka huɗu, an cim masa a nan da buta guda.

Shayin ma rufewa ne, akwai abin da ke gabansa. Ruwa ake fara ba baƙo, kafin a tambaye shi labarin hanya. Sai abin sha mai kauri, irin wanda Buzaye ke kira eghajira: gero da dabino da cukun akuya a kirɓa su tare a turmi, a dama da ruwa, a sha da ludayi. Guzurin ayari ne, shi ke riƙe madugu da mutanensa a kan hanyar Fashi da Bilma, amma in aka sami mace mai hannu ta haɗa shi, tsamin cuku da zaƙin dabino sukan daidaita har mutum ya rasa wanne ya fi. Sai tagella, gurasar alkama da ake binnewa cikin zazzafan yashi a rufe da garwashi, a juya ta, a tono ta, a kakkaɓe, a marmasa cikin akushi da man shanu ko miyar tumatir da albasa, a ci da cokalin itace. In baƙon na girma ne a yanka masa akuya ko rago. Sau da yawa mai gida yakan ajiye abinci ya ba baƙo wuri, don kada kunya ta hana shi ƙoshi, kamar yadda suruki ba ya ci gaban surukinsa. Bafaranshe zai ga wannan baƙon abu, domin shi hira a kan tebur rabin abincin ce. Mutumin Japan ba zai yi mamaki ba.

Bin lokacin shekara kuwa, wanda Japanawa suka mayar da shi ƙa'ida, a Abzin tilas ce ta koyar da shi. Lemun Timiya da sanyi yake zuwa. Nono yana yalwata bayan damina, lokacin da makiyaya ke taruwa a Ingal cikin watan Satumba. Albasar Tabelot da dankalin dutsen Bagzan kowanne da watansa. Akwai inda muka saɓa da su ƙwarai, bai kamata a ɓoye ba. Su da ƙanƙanta suke girmama baƙo, mu da yawa, domin a ƙasar da fari ke kai ziyara cikar akushi ita ce shaidar ƙauna. Su kifi ne ginshiƙinsu, Buzayen dā kuwa ba sa kusantarsa. Kuma su suna kallon abinci kafin su ci, mu ba mu cika damuwa da yadda aka jera shi ba, adonmu yana jikin faifai da akushi da sassaƙar ludayi.

Faransa da Japan sun daɗe da gane juna. Tsuji Shizuo ya kafa makarantar girki a Osaka a 1960, ya riƙa gayyato manyan kukun Faransa irin su Paul Bocuse. Sabon salon da ya mamaye Faransa a shekarun 1970, mai rage nauyin miya da gajarta dahuwa da ƙawata faranti, akwai hannun Japan a cikinsa. Da Michelin ya fitar da littafin Tokyo na farko a 2007, taurarin birnin sun fi na Paris yawa. To mu me ya iso mana? Daga Faransa dogon burodi. Daga Japan farin magi, wanda ya samo asali daga binciken Ikeda Kikunae na 1908 a kan ɗanɗanon romon ciyawar teku, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Sinadarin da ya gano yana nan cikin daddawar da iyayenmu mata suka daɗe suna yi. Abin yana damuna, domin mun karɓi mafi arhar abin da suke da shi, muna kuma barin mafi tsadar namu saboda shi.

Zamanin masu yawon buɗe ido, daga shekarun 1980 lokacin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa gari har zuwa tawayen 2007, bai gyara wannan ba. An riƙa gasa wa Turawa tagella a Tenere a dafa musu shayi, suna ɗaukar hoto, amma in aka dawo masauki jerin Faransa ake bi, da faranti da wuƙa. Namu ya zama abin kallo, nasu ya zama abin koyi.

Abin da ya kamata a aro daga Faransa alƙalami ne da ambaton suna. Eugénie Brazier 'yar ƙauye ce da ta fara da aikatau, a 1933 ta sami tauraro uku-uku a gidajen abincinta biyu, Bocuse kuma a hannunta ya yi koyo, duniya ta san haka domin an rubuta. A kowace unguwa ta tsohon Agadas akwai tsohuwar da ake aika wa in biki ya taso, wadda alkakinta ko taliyarta ba ta da na biyu, sunanta kuwa bai wuce ƙofar unguwa ba. Jikokinta da ke makaranta za su iya zama kusa da ita da littafi su tambaya: Kaka, dabino nawa ake sa wa mudun gero, na Ingal ko na Bilma, cukun ɗanye ko busasshe? Wane itace ne garwashinsa ke gasa tagella ba ya ƙona ta? Su rubuta har da gishiri, domin yaran gari da yawa yanzu na leda kawai suka sani, ba su san cewa kantun da ayari ke kawowa daga Bilma na dabbobi ne ba, beza shi ne na miya.