Kwalliyar da Ba ta Biyan Kuɗin Sabulu

Duk wanda ya duba hotunan da ƴammatanmu masu burin zama manekan suke ɗauka yanzu, ko a nan Mirriya ko a cikin Damagaram, zai lura fuskokin duk sun koma guda. Gira an zana ta kamar da rula, ƙarƙashin ido fari fat, hanci an sirantar da shi da layin hoda, gashin ido na kanti ya yi tsirin tsintsiya. Ka baza hoto goma a tabarma, uwar da ta haifi yarinya ma sai ta yi da gaske kafin ta nuna tata. Wannan salon nake so in yi suka a kansa, da kuma gajerun bidiyoyin TikTok da ke koyar da shi, waɗanda ake ta turawa daga salula zuwa salula da sunan "shirin fata kafin ɗaukar hoto".

Ban zo in yanke hukunci a kan sana'ar kanta ba. Tun da Alphadi ya buɗe bikin FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas ake gardama a ƙasar nan ko ya dace ɗiya mace ta yi defile, har aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi a shekara ta 2000. Wannan magana ce ta iyaye da malamai. Ni tawa a kan wadda ta riga ta sa kanta ce, ko da tallar atamfa da lafaya za ta yi wa telan unguwarsu: abin da ake koya mata yana kai ta inda take son zuwa, ko kuwa?

Mu fara da launi. Mafi yawan bidiyoyin nan, da an buɗe sai ka ji an ce a ɗauko fon-de-tan wanda ya ɗara fatarki haske, wai don fuska ta "fito". To, haba! Fito ina? A ido cikin ɗaki ƙila ta wuce, amma kyamara ba ta da kara. Wasu hodojin suna ɗauke da sinadaran da ke maido da hasken filashi, shi ya sa kike ganin fuska ta yi toka-toka kamar an yaɓa mata gari, wuya da kunnuwa kuma suna can da launinsu na asali suna tona asiri. Ƙa'idar masu sana'ar ta ainihi mai sauƙi ce: a gwada launin a gefen muƙamuƙi, a fita tsakar gida a duba da hasken rana, wanda ya ɓace cikin fata shi ne naki. Kamfanin Fenty Beauty ya yi suna a 2017 ne saboda ya fito da launi 40 lokaci guda, da masu duhu sosai a ciki. Mu kuma ana koya mana mu gudu daga namu.

Sai maganar haske, wadda bidiyoyin ba sa ko taɓawa. In hoton yarinya ya fito duhu, nan take ake ɗora wa fatarta laifi, alhali sau da yawa laifin mai hoto ne. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana daidaita injinan wanke hoto da wani kati mai suna Shirley, hoton wata baturiya ne a jiki, don haka an daɗe ana auna "hoto mai kyau" da farar fata. Har yau in ka tsayar da baƙar yarinya gaban farin bango, kyamara za ta auna hasken bangon ta bar fuskar a inuwa. Maganin yana hannun mai ɗauka: ya auna haske a kan fuska, ya sa wani ya riƙe farin kwali ko farin zane ta ƙasa don ya maido haske, ya guji tsakar rana, ya ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Wannan bai cin ko dala. Amma da yake ba abin saidawa a ciki, ba mai yin bidiyonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na uku. Kalmar "gyaran fata" a bakin masu bidiyon nan, in ka bi ta a hankali, bilicin take nufi. Za a ce miki sati biyu kafin hoto ki haɗa wannan man da wancan tub ɗin da wannan ƴar kwalbar. Me ke ciki? Galibi haidirokinon ne, ko magungunan kwartikoyid irin su kulobetazol, waɗanda likita ke rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci kaɗan, wani sa'in har da sinadarin makuri. Kwartikoyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, kuma in an daɗe ana shafawa a jiki duka yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Haidirokinon in ya haɗu da rana irin tamu na tsawon lokaci, sai ya bar baƙin tabo a kumatu wanda ke da wuyar fita. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana haidirokinon a mayukan shafa tun 2001, Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu. Kuma ko ta fuskar hoto kaɗai asara ce, don gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu ba sa yarda su canza, kyamara kuma su take fara kamawa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Abin dariya, abin kuma takaici, masu zaɓen manekan ba wannan fuskar suke nema ba. A wurin kastin abin da aka saba tambaya shi ne hotuna marasa kwalliya ko masu ƴar kaɗan, cikin hasken rana, ba tace hoto, gashi a kame baya, don su ga ƙashin fuska da lafiyar fata. Alek Wek, ƴar ƙabilar Dinka daga kudancin Sudan, ta hau bangon mujallar Elle a 1997 da fatarta baƙa wuluk, kuma abin da ya raba ta da sauran ke nan. Ke kuma, ƴar'uwa, kin kashe jikkunanki kin goge abin da zai sa a tuna da ke cikin ɗari.

Za a ce mini masu kwalliya ma abinci suke nema, kuma abin da ƴammata suka roƙa shi suke yi. Gaskiya ne, kuma wallahi akwai masu hannu a cikinsu. Sai dai kwalliyar amarya daban, ta hoton sana'a daban. Ta amarya ana so ta ɗauki ido daga nesa cikin taro. Ta hoto ana kallonta kusa-kusa. Balle a zafin bazara na Damagaram, inda ma'auni ke haura 40, hoda hawa uku ba ta kai awa guda ba ta fara tsagewa.

Maginan tukwanenmu na Mirriya sun san ado ba ya ceton tulun da ba a kwaɓa ƙasarsa da kyau ba. Haka fata take. Wanke fuska safe da dare da sabulu mara kaifi, man kaɗanya a jiki da leɓe lokacin hunturu, barci isasshe, shan ruwa, inuwa ko man kare rana, kada a kwana da kwalliya, kada a yi aron soso da burushi, kada a gwada sabon mai ana gobe hoto. In ƙuraje sun ƙi ji, a je asibiti, a bar mai tebur a kasuwa. Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa duk na gargajiya lafiya ne: kwallin dutse yana iya ƙunsar dalma, baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi kuma yana ƙona fatar wasu har ta tashi.

Ina roƙon masu studiyo su koyi haska baƙar fata kafin su danna maɓallin da ke fasa mata launi, masu kwalliya kuma su ajiye hoda mai duhu a akwatinsu su daina cewa babu. Ƴan'uwana mata, duk bidiyon da ya fara da gaya miki launinki ne matsala, ki duba da kyau, a ƙarshensa akwai lambar waya da kwalbar saidawa.