Kurar Tatsuniya da Kurar Daji

Duk wanda ya tashi yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" ya san kura tun kafin ya taɓa ganinta. A bakin kakanninmu ita ce mai haɗama, matsoraciya, wawiya wadda Gizo ke yi wa wayo kullum, ta sha duka ta koma gida da yunwa. Haka take a tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, haka kuma take a cikin waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wa yara daga baya. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan hoton nawa ne na kura, nawa ne namu?

Mai tatsuniya bai yi ƙarya a siffa ba. Ya lura ƙafafun gabanta sun fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta ya zube kamar mai ɗingishi, har ya ƙago labaran da ke bayyana yadda ƙugunta ya karye. Ya san dare ne lokacinta. Karin maganar nan ta "in kura na da maganin zawo ta yi wa kanta" ma daga idon wanda ya bi sawunta ta fito. Mafarauta sun san kashinta fari ne fat idan ya bushe, domin muƙamuƙinta na farfasa ƙashi ta haɗiye, abin da zaki kansa ke bari a ƙasa.

Inda aka zalunce ta shi ne wajen hankali da zuciya. Kura iri biyu ce a ƙasashenmu. Akwai sayaki, mai zane a jiki da geza a baya, mai gudun mutane, wanda yawanci shi kaɗai yake yawon neman mushe. Akwai kuma babbar, mai dabbare-dabbare, wadda ake jin kukanta daga nesa. Wannan ta biyun mafarauciya ce ta gaske. Hans Kruuk, wanda ya zauna da irin waɗannan kuraye a Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya ya kuma fitar da littafinsa a 1972, ya nuna cewa mafi yawan abin da suke ci su suka kashe da kansu, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Suna bin dabba da gudu mai nisa har ta gaji. Suna zama dangi-dangi, wani garken ya kai 80, kowa ya san matsayinsa.

A nan harshenmu ya yi dace mai ban sha'awa. Mun mai da sunan jinsin duka na mace, muna yi mata kirari da Amina, ba kasafai ake tuna da kure ba. To a daji ma macen ce ta fi girma, ita ke shugabanci, 'ya'yanta kuma su gaji darajarta. Tana ɗaukar ciki kwana 110 ko kusa da haka, ta haihu a rami, 'ya'yan su fito ido buɗe da haƙoransu.



A ganina dalilin wannan rashin adalci a fili yake. Manomi bai taɓa ganin kura tana farauta a fili ba. A bayan gari ya san ta, tana sanɗa wajen garken awaki, a ɗaga mata wuta ta ruga. Wanda ya ɗauke maka akuya da dare ba za ka yaba basirarsa ba, sai ka rama da baki. Sannan mai tatsuniya yana buƙatar wani mai ƙarfi marar tunani da zai tsaya a madadin azzalumin gari, don yara su ga talaka Gizo ya kayar da shi.

Gardawa sun ƙara ƙarfafa hoton. Kurar da yawancinmu muka gani ido da ido ita ce ta kasuwa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana jan ta cikin rana tsaka, lokacin da ya kamata tana barci a inuwar rami, yara na ihu, gardi na tallar laya. Ita ke nan "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi". A birnin Harar na Habasha kuwa, kuraye ne ke zuwa bakin ganuwa da kansu bayan magariba, ba sarƙa ba takunkumi, su karɓi nama a kan ɗan tsinke daga hannun mai ciyar da su, su koma daji kafin gari ya waye.