Ƙafiya daban, kari daban

Na shiga gasar rubutacciyar waƙa da 'yan uwa na nan Ingila suka shirya, ban ci ba. Ba kukan faɗuwa nake ba, baitina na huɗu gurgu ne, na sani. Waƙar da ta zo ta ɗaya ce ta tsaya mini a rai.

Ƙwar biyar ce, ƙafiyarta ta zauna daram. Amma da na rera ta a hutun aikin dare, sai na ji kamar bugun zuciyar majinyaci yana tsallake. Ɗango ya taho lafiya, na biye ya ƙaru da gaɓa mai nauyi, dole ka haɗiye wasali kafin ka wuce.

Ina ganin takarda ce ta ruɗi alƙalan. Boko ba ya nuna dogon wasali. Garin zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, nauyinsu a baiti kuwa ba ɗaya ba. Aliyu Namangi makaho ne, da kunne ya auna Imfiraji.

Baɗi don Allah a ce kowa ya turo murya tare da rubutun. Kafin nan na gyara gurguna.