Masu Jajayen Riguna na Unity Fountain: Inda Suka Iya da Inda Suka Gaza

Duk wanda ke zaune a Abuja a 2014 ba zai manta ranar Litinin 14 ga Afrilu ba. Da sassafe bam ya tashi a tashar motar Nyanya, ya kashe mutum fiye da 70, galibinsu masu sammakon neman abinci irinmu. A daren ranar kuma aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok a jihar Borno. Ta Nyanya an yi jana'iza, an yi jaje, an koma kasuwa. Ta Chibok kuwa wasu mutane suka ƙi yarda a rufe maganar, kuma aikinsu muke so mu ɗora a sikeli yau, tunda an kwana biyu, ƙura ta lafa, mutum na iya magana ba a ce masa ɗan jam'iyya kaza ba.

Ranar 30 ga Afrilu suka taka daga Unity Fountain zuwa Majalisar Tarayya cikin ruwan sama, da jajayen riguna, ƙarƙashin sunan Bring Back Our Girls, wato a dawo mana da 'yan matanmu. A gaba akwai Oby Ezekwesili, tsohuwar ministar ilimi, da Hadiza Bala Usman, 'yar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, daga baya kuma muryar Aisha Yesufu, haifaffiyar Kano, ta fito fili. Bayan tattakin ba su watse ba. Kullum da yamma sai su dawo filin nan su zauna, su ƙirga kwanakin da yaran suka yi a hannun Boko Haram, su tashi.

Abu na farko da ya wajaba mu ba su shi ne haƙurin da ya fi ƙarfin tsokana. An turo musu wasu gungun mutane suka farfasa musu kujeru, ba su rama ba. A watan Yunin 2014 kwamishinan 'yan sandan Abuja, Joseph Mbu, ya haramta taron nasu. Ba su ɗauki dutse ba, suka ɗauki lauya, kotu kuma ta ce 'yan sanda ba su da ikon hana su. Mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan. Shekara da shekaru suna zama a filin nan, ba a ƙona taya ba, ba a fasa shagon kowa ba. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna Oktoban 2020, lokacin da zanga-zangar EndSARS ta rikiɗe a Apo aka ƙona motocin dillalai, dukiyar shekaru ta zama toka kafin magariba. Ai in taro ya ɓaci, ba gidan minista ake fara taɓawa ba, rumfar mai tireda ake fara taɓawa.

To, ya yi amfani? Masu cewa zaman banza ne ba su yi adalci ba. Gaskiya ne ba su ne suka fito da 'yan mata 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017 ba. Tattaunawa ce gwamnati ta yi, da taimakon ƙasar Suwizalan da ƙungiyar Red Cross. Amma gwamnati ba ta zama teburin ciniki a kan abin da aka manta. Kada mu manta cewa da farko har a cikin manya akwai masu cewa wai ba a sace kowa ba, siyasa ce. Zaman nan na kullum shi ya hana wannan magana ta zauna da gindinta.

Yanzu kuma inda suka gaza, kuma ba don cin fuska muke faɗa ba. Unity Fountain a Maitama yake, dab da otal ɗin Hilton. Wanda ke Karmo, Dei-Dei ko Zuba, in zai je can sai ya rufe shago ya biya mota biyu ko uku. In ya isa kuma da Turanci ake magana, kwalayen da Turanci, sanarwar a Twitter. Matar shugaban Amurka, Michelle Obama, ta ɗaga kwalin nan a Mayun 2014, duniya ta gani, alhali mai sayar da goro a Gwagwa bai san me masu jan kayan suke nema takamaimai ba. Kira ya kai Washington, bai kai bakin masallacin unguwa ba. Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, shi ma ya karanci Gandhi, shi ma hanyar lumana ya bi, amma NEPU da aka kafa a 1950 a kasuwa ta yi rassa, wajen teloli da mahauta da 'yan koli, da harshen da suke ji. Shi ya sa in an ɗaure Hajiya Gambo Sawaba, talaka yake jin 'yar gidansu aka ɗaure. Masu jajayen riguna ba su gina wannan ba, don haka da aka fara raɗe-raɗin cewa 'yan adawa ne ko Turawa ke biyan su, babu wanda zai tashi a majalisar mai shayi ya ce ƙarya ne, na san su. Da Hadiza ta karɓi shugabancin hukumar tashoshin jiragen ruwa a 2016, Oby kuma ta fito takarar shugaban ƙasa ta 2019, sai masu gulma suka sami abin tauna. Karɓar muƙami ba laifi ba ne, kuma Aisha Yesufu ta caccaki Buhari kamar yadda ta caccaki Jonathan. Amma wanda bai san ka ba, da abin da ya ji zai auna ka.

Ga misalin da ya fi kusa da mu. A 2012 hukumar birnin tarayya ta ce za ta rushe Mpape. Mazauna ba su ƙona buldoza ba, suka haɗa kai suka tafi kotu, suka jure zirga-zirgar shekara kusan biyar, har aka yanke hukunci a Fabrairun 2017 cewa ba za a rushe ba. Hanya ɗaya ce da ta Unity Fountain, sai dai a nan masu ciwon ne da kansu suka riƙe ta. A Mpapen nan dai mutane ke kwana da ƙurar fasa dutse da bangon da ya tsage, har ƙasa ta girgiza a Satumban 2018 aka dakatar da fasawar na wani lokaci. Masu rajin kare muhalli da ke taro a otal-otal na tsakiyar gari kan sauyin yanayi, ga aiki nan kwance a bayan Maitama, tafiyar 'yan mintoci.

Har yau akwai 'yan Chibok fiye da 80 da ba a san inda suke ba, bayansu kuma an yi Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024, duka yaran Arewa. Shawararmu ga kwamitin unguwa ita ce a rubuta wa waɗannan masu fafutuka takardar gayyata. Su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su zo da mai jin Hausa ko mu ba su tafinta, su ji batun rusau da takardun fili da ƙurar kwari daga bakin masu shi, mu kuma mu tambaye su yadda ake shigar da ƙara a hana buldoza shigowa. Tabarma da ruwan sha mu za mu kawo.